Irin Kuɓewar Gwaggo

Duk wanda ya taɓa zama a layin nan ya san Gwaggo. In bai san fuskarta ba, to ya san bayanta, don kullum ka leƙa ta saman katanga a duƙe za ka same ta cikin lambu, tana yi wa ciyawa faɗa ƙasa-ƙasa kamar ciyawar na jin magana.

Gidan ba nata ba ne, na yayanta ne. Sau ɗaya ta yi aure, shekara bakwai ba ko ɓatan wata, aka sallamo ta. Yayan ya ba ta ɗakin da ke kusa da kicin, ya ce ta zauna kafin a ga abin da Allah zai yi. Kafin ɗin nan ne ya kai shekara arba'in da ɗaya. Matar yayan ta rasu da wuri, don haka Gwaggo ce ta yaye Auta, ita ta yi jinyar ƙyandar babban, wanda yanzu kowa ke kira Injiniya. Da yayan ma ya bi matarsa, gida ya koma hannun Injiniya da matarsa, wata ma'aikaciyar jinya da ake ce wa Sista.

Filin bayan gidan juji ne a da. Gwaggo ta tsince kwalabe da ƙusoshi da hannunta, ta mai da shi lambu. In damina ta raba tsaka, zo ka ga ikon Allah: tumatir ya rinjayi sandunansa, barkono ja jawur, kokwamba na ɓuya ƙarƙashin ganye sai ka taka ka san tana nan. Jikin katanga kuwa furanni ne, ja da fari da ruwan ɗorawa, zuma na ta kai-kawo a kansu. Ba ta san sunan ko ɗaya ba. Akwai wanda take kira Mai Kunya don yana rufewa da rana, akwai Uwar Iyayi.

Amma abin ranta kuɓewa ce. Ba irin ta kasuwa ba: doguwa, mai jan baki, ba ta da ƙaiƙayi, irin da mahaifiyarsu ta bar mata. Kowace shekara takan zaɓi 'ya'ya goma sha biyu mafi kyau, ta ɗaura wa kowanne jan ƙyalle. Waɗannan ba a taɓa su. A jikin uwarsu za su tsufa, su yi tauri, su bushe har in an girgiza a ji suna kacau-kacau. Sannan ne iri ya ƙosa. In aka yanke kafin nan, ko a kan farantin zinariya aka shanya, ba zai tsiro ba. Bana kuma ba ta da wani. Ragowar na bara ɓera ya cinye, maƙwabtan da ta taɓa ba wa duk sun zuba siminti a filayensu. Abin da ya rage na irin a duniya, shi ne sha biyun nan da ke lilo a iska.

Ran nan da safe tana tsinkar tumatir a kwando, sai ga Injiniya da Sista sun fito tare, abin da ba su saba ba.

"Gwaggo, sannu da aiki," in ji Injiniya, yana kallon takalminsa. "Dama Auta ce. Kin san 'yan biyun nan sun fi ƙarfinta. Muka ce ko ki koma can ki ɗan kama mata."

"A bene hawa huɗu?"

"Ai akwai iska, Gwaggo," in ji Sista. "Ba sauro, ba duƙe-duƙe. Ke ma ki huta, kada bayan nan ya ƙarasa lanƙwashewa mu shiga uku da bakin mutane. Nan kuma magina za su zo ranar Asabar, rumfar mota za a yi. Rana na cinye min fenti."

Gwaggo ta ajiye kwandon a hankali. Ba ta ce ɗakina ba, ba ta ce lambuna ba, ta san ba ta da ko ɗaya.

"Ɗana, zan tafi. Amma ka ba ni kwana ashirin. Irin kuɓewar nan ya bushe, in cire, shi ke nan."

"Kwana ashirin saboda kuɓewa!" Sista ta yi dariya har shayinta ya zuba. "Gwaggo, ko dai wani tsoho kika yi a layin nan ba mu sani ba?"

Injiniya ya sosa ƙeya ya ce to, za a duba.

Gwaggo ta ɗauki "za a duba" a matsayin alkawari. Ta shiga rabon abin lambu kamar mai gudun kada ya kwana: kwando gidan tela, kwando gidan mai gyaran rediyo. Kowace safiya ta je ta latsa masu jan ƙyallen nan da ɗan yatsa. Sun yi tauri, amma kore ne shar. "Ku yi sauri mana, 'yan nema," take ce musu.

Ranar Alhamis Sista ta ce lallai sai an auna jinin Gwaggo kafin tafiya. Ta kai ta asibiti da kanta, ta zaunar da ita a kan benci a ƙarshen layi, ta ce yanzu za ta dawo. Sai bayan azahar mai tasi ya sauke Gwaggo a ƙofar gida.

A baranda ta samu Injiniya, hannun riga a naɗe, almakashi a gefensa, fuskar nan fal murna irin ta ranar da ya kawo mata sakamakon jarrabawarsa. A gabansa tire ne, an jera kuɓewa goma sha biyu reras, kowacce da jan ƙyallenta.

"Gwaggo, na hutar da ke! Ko ɗaya ban bari ba, na ƙirga. Ashe abin ma ba wuya. In kin je can sai ki shanya a taga, kwana uku sun bushe. Ranar can ma ta fi ta nan."

Gwaggo ta dubi tiren. Ta ɗauki ɗaya ta girgiza a kunnenta. Shiru.

"Wa ya ce maka a yanke?"

"Sista ce ta ba da shawara. Kin san babanta manomi ne, ta san kan abin."

Ta sani kuwa. Shekarar da aka kawo Sista gidan, a lambun nan ta tsaya tana ba Gwaggo labarin yadda babanta ya taɓa zane ƙanenta don ya yanke kuɓewar iri ɗanya. Gwaggo ta ɗaga kai, suka haɗa ido da Sista da ke tsaye a bakin ƙofa. Sista ba ta kau da nata ba. Ta fito daga bakin ƙofa rungume da furanni, dami guda, duk na jikin katanga ta aske su tas, ta ɗaure da zare.

"Ga tsarabarki, Gwaggo. Riƙe nan. Injiniya, matso kusa da ita. Haba Gwaggo, ki ɗan yi murmushi mana, sai ka ce wadda aka yi wa mutuwa? Dangi za a tura wa."

Aka ɗauki hoto. Ya yi kyau ƙwarai, kowa ya yaba yadda ake riƙon tsohuwa.

Gwaggo ta san abin da ta sani, amma rai bai iya haƙura haka nan. A gidan Auta ta shanya su a taga. Bakwai suka yi funfuna. Biyar suka yanƙwane, ta fasa, ta sami 'ya'ya farare, shafaffu kamar ƙumbar jariri. Ta zaɓi masu ɗan kumari, ta sauka hawa huɗu da tsohon bokiti ta ɗebo ƙasa a gefen titi, ta hawo tana hutawa a kowane hawa. Ta shuka. Safe da yamma tana ba su ruwa da kofin shayinta, goye da ɗaya daga cikin 'yan biyu, tana leƙa ƙasar.

A mako na huɗu Auta ta tsaya a kanta da tulin wanki a hannu.

"Gwaggo, wai har yanzu ba abin da ya fito?"

"Tukuna."

"To don Allah a juye ƙasar nan a ba ni bokitin. Kayan yaran nan sun taru, kuma ke za ki wanke."