Shaidar Burtali Ta Raba Ni da Gidanmu

A shekarun farko na samun mulkin kai, ni saurayi ne ɗan wani ƙauye kusa da Kebbe, ni kaɗai ne daga yankinmu gwamnatin Jihar Arewa ta tura jami'a. Tarihi na zaɓa. Lokacin Turawa na tattara kayansu, ana neman 'yan Arewa su hau kujerunsu, kuma ana cewa mai digirin tarihi in bai zama di'o ba, wato jami'in mulkin gunduma, zai zama babban malami ko ya riƙe gidan adana takardun gwamnati. Mahaifina bai san bambancinsu ba. Shi dai in ya je kasuwar Tambuwal, ce wa mutane yake ɗansa na karatun zama di'o.

A wani dogon hutu malaminmu ya ce kowa ya koma gida ya ji tarihin garinsu daga bakin tsofaffi. Na zaga a kan keke har Jabo da Dogon Daji, na zauna da dattawa da shugabannin Fulani. Duk bakinsu ya zo ɗaya kan wata magana: fadamar da gidanmu ke noma tsohon burtali ce, hanyar shanu zuwa mashaya, kuma baffana, yayan mahaifina, shi ya toshe ta da ƙaya ya mai da ita gona. Na ji, na haɗiye.

Bayan na gama karatu, ina jiran a kira ni aikin mulki, sai shanun wani makiyayi suka shiga fadamar, magana ta kai gaban alƙali. Baffa ya sa ni gaba zuwa kotu, yana faɗa wa jama'a ga ɗansu da ya karanta tarihi, shi zai tabbatar gonar tasu ce tun kaka da kakanni. Bai tambaye ni abin da zan faɗa ba, ni kuma na kasa gaya masa tun a gida. Da alƙali ya ce in ji tsoron Allah, na faɗi abin da na ji. Aka yanke hukunci a buɗe burtalin.

Baffa bai ɗaga murya ba. A bakin kotu ya ce mini, tunda na san asalin kowace gona, saura in binciki asalin kaina, don a gidansu ba a haifar irina. Kafin mu isa ƙauye maganar ta riga mu, mata na nuna mahaifiyata a bakin rijiya. Mahaifina bai taɓa musa wa yayansa ba. Da baffa ya ce ko ita ko zumunci, ya sake ta, ta koma gidan ƙaninta da ƙunshin kayanta a ka. Baffa bai tsaya nan ba, ya bi manya yana cewa ni ɗan adawa ne mai zuga talakawa. A wancan zamani wannan kalma ta isa. Kiran aikin mulki bai zo ba, na ƙare ina koyarwa a wata makaranta mai nisa.

Bayan wasu shekaru, a cikin babbar mota wani fasinja ɗan garinmu ya yi mini ta'aziyyar mahaifina, yana zaton na sani. Da na isa zaman makoki na durƙusa gaban baffa, sai ya juya ga na kusa da shi ya tambaya ko wannan baƙon daga ina, ya ce a ba shi ruwa.

Har yau ban yi nadamar gaskiyar ba. Abin da ke cin raina shi ne shirun da na yi a gida, da na bar dattijo ya ji ta a gaban jama'a, kuma wadda ba ta je kotu ba ita ta sha hukuncin. Mahaifiyata ta rasu a gidan ƙaninta ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Ku 'ya'yana ɗalibai masu karatun tarihi, sana'a ce mai kyau, ta ciyar da ni. Amma ku sani tarihin garinku yana da magada masu rai. In kun tono abu, ku fara kai shi zaure kafin a kira ku shaida, kuma ku duba wa zai faɗa wa a ka.