Tsatsar Gwangwanayen Inna Cima

Cikin shekarun da na yi ina aikin kula da tsafta a Buza, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da aka tura ni in hana wata tsohuwa sayar da gato, wato kek. Ku da kuka shigo aikin bana, na ga kuna ɗokin kama masu laifi, shi ya sa nake son ku ji wannan.

Damina ta ƙare ke nan, yara sun koma lakwal, wato makaranta. Majo, wato shugaban asibitinmu da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya kira ni ya ce diraktan wata lakwal a wani ƙauye na wajen Tama ya kawo ƙara. Yara da dama sun yi ciwon ciki, kuma iyaye sun ce suna ganin jar dusa a gindin gaton da wata Inna Cima ke sayarwa a bakin lakwal. Dirakta yana so a kore ta daga wurin.

Ga wanda bai san aikinmu ba, in ƙara ta zo ba ma yanke hukunci daga kan kujera. Mukan je mu duba ruwan da ake aiki da shi, da hannun mai yi, da kayan aiki, da inda ake ajiye su. In abin ƙarami ne a yi gargaɗi, in babba ne a dakatar da sayarwa har a gyara.

Na hau moto, wato babur, na isa da hantsi. Gidan fes yake, an share tsakar gida, randa a rufe, kwaɓin gato cikin roba an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Inna Cima na zaune bakin murhu, ta ɗora babbar tukunya mai rairayi a ciki, irin gashin da ake yi da gawayi sama da ƙasa. Surukarta Rabi, matar ɗanta da ya tafi bida, wato ci-rani, ta shimfiɗa mini tabarma. Bayan gaisuwa na faɗi abin da ya kawo ni.

Inna ta yi dariya. "Ɗiyata, ni za a koya wa tsabta? Marigayi maigidana kuku ne, a Tawa ya yi aiki, shi ya koya mini gaton ga. Ko cokali bai yarda a aje shi da maiƙo. Iyayen yaran ga ma gatona sunka ci."

"Na yarda, Inna," na ce. "Ki dai nuna mini abin da kike gasawa a ciki. Ki zaɓo mini wanda ya fi kyau."

Ta jawo wani kwando cike da gwangwanayen tumatir da na kifi, an jera su wani cikin wani. Ta riƙa zagaya yatsa cikin kowanne, sannan ta zaɓi ɗaya da alfahari. Gwangwanin ya yi ja wur da tsatsa, gindinsa duk ƙananan ramuka, shafen cikinsa yana ɓarewa. Da ta miƙo shi, ba wajen hannuna ta miƙa ba, gefe ta nufa inda babu kowa. A nan na dubi idanunta da kyau, na ga farar yana ta rufe su duka biyu.

Na karɓa. Da na waiga, sai na ga Rabi ta sunkuyar da kai.

Na roƙi Inna mu shiga ɗaki, don ba na son maƙwabta su ji. Na yi mata bayani a hankali. Gwangwanin tumatir ba a yi shi don wuta ba, yana da wani shafe a ciki wanda zafi ke ɓarewa ya shiga abinci. Tsatsa kuwa in ta ci ƙarfe har ta yi ramuka, tsohon kwaɓi yana maƙalewa a ciki ya ruɓe, wanki ba ya fitar da shi. Ga danshin damina, ga shi ana jera su da jiƙa. Na ce mata kwaɓin yau ba zai shiga cikinsu ba, kuma gobe ba za ta fita da gato ba.

Sai ta ce, "Da gaske sun yi tsatsa?"

"Sun yi, Inna. Tun yaushe idon ya fara?"

"Tun bara nike ganin hazo." Ta laluba ta kama hannuna. "Don Allah kada ki gaya ma Rabi. In ta sani za ta gaya ma ɗana, shi ko cewa zai yi in zauna in huta. Mi zan yi da zama? Muryar yaran ga ita ka tashe ni kullum."

Ashe Rabi na tsaye bakin ƙofa. Ta shigo ta durƙusa gabanta. "Inna, ai na sani tuntuni. Wa kike tsammani ke kawar miki da turmi daga hanya? Ban gaya mishi ba. Gwangwanayen ne kika hana kowa taɓawa, ni kuma na ji nauyin in ce miki sun lalace."

Inna ta ce, "Ashe ke munahuka ce," tana dariya tana share hawaye da bakin zane. Rabi ma haka. Ni da na zo da takardar dakatarwa a jaka sai da na juya baya na ɗan wani lokaci.

Kafin in bar garin na biya lakwal. Na tarar randar da yara ke sha a buɗe take, moɗa ɗaya kowa na tsomawa. Na nuna wa dirakta, mutumin kirki ne, nan take ya sa aka wanke aka rufe. Har yau ba zan iya rantsuwa ko gaton ne ya kawo ciwon cikin ko ruwan ba. Abin da na sani, duka biyun suna bukatar gyara.

Da na koma na ba majo labari, ya ce, "To me kika yanke?"

"Dakatarwa, ba kora ba. Kuma ina roƙon a rubuta mata takardar zuwa wajen likitan ido."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Yanzu mun koma duba ido ke nan?"

"Idon ne ya kawo tsatsar, ranka ya daɗe."

Ya yi murmushi ya jawo takarda ya rubuta.

Ran kasuwar Madawa na raka Rabi muka zaɓo gwangwanayen gashi na ainihi, waɗanda aka ƙera don wuta. Na koya mata a wanke da sabulu, a busar a bakin garwashi, a shafa ɗan mai, kuma kada a jera su sai sun bushe sarai. Wanda duk ya fara ramuka a fitar da shi daga aiki, kada a tsaya kankarewa. Aka raba aiki: wanki da duba kaya na Rabi, kwaɓi na Inna, don hannunta ya san laushin da ake so ko da ido a rufe. Na koma na duba, na ba da izini, gato ya dawo bakin lakwal.

Ɗan nata da ya ji bai ce ta zauna ba. Da kansa ya zo ya kai ta Tawa aka yi mata aiki a ido ɗaya. Bayan ta warke na biya gaishe ta. Na yi sallama, ta ɗago kai ta ƙura mini ido, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ke ce mai tsabtar?" ta ce. "Da muryar ga taki na ɗauka wata ƙatuwar mace ce. Ashe 'yar firit ce ta hana ni sana'a. Rabi, kawo mata gato biyu, gwamnati ba ta ciyar da ita."

Dokarmu ta hana mu karɓar abin hannun wanda muke dubawa. Na faɗa mata haka, ta ce yau ba dubawa na zo yi ba, gaisuwa na zo. Na ci.

Abin da nake son ku riƙe shi ne, kada ku taɓa sassautawa a kan kayan da ya lalace, domin cikin yaran mutane abincin ke shiga. Amma in kun ga tsatsa a hannun wanda aka san shi da tsafta, ku tsaya ku tambayi abin da ya same shi kafin ku ciro takarda. Yawancin mutanen da za ku tarar ba mugunta suke yi ba, wani abu ne ya fi ƙarfinsu kuma suna jin kunyar faɗa. In kun zauna kun saurara, za su faɗa muku.