Baron da Ba a Bar Baba Ari Ya Saya Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Agusta, 1957, bayan azahar, Allah ya karɓi abinsa. Baba Ari mai ɗinkin hula, dattijon lungunmu a Rijiyar Lemo, Fagge, ya riga mu gidan gaskiya bayan gajeriyar jinya. Mutuwa rigar kowa ce, kuma ban ja da hukuncin Ubangiji ba. Amma na ɗauki alƙalamin nan raina a ɓace, ba kuwa zan ɓoye ba don a ce na iya zaman makoki.

Ari, kai Babarbare, ni Bafillace. Shekara da shekaru muna musun wane ne bawan wani a tsakaninmu, ba wanda ya sallama. Yau na sallama maka, domin abin da ka yi wa lungun nan ba aikin bawa ba ne, aikin ɗan halak ne.

Gidanka ne a ƙarshen gangare. Duk ruwan da aka yi a unguwa ƙofarka yake nufa, ya kwaso yashi da taɓo, da tsummokara, da ɓawon rake, da gwangwanaye, da abin da ba a rubutawa a takarda, wanda wasu maƙwabta ke jira hadari ya haɗo su juye a kwata. Idan aka bar ƙazantar nan ta toshe hanya, ruwa kwanciya yake yi a gindin katangarka, ginin kuwa na ƙasa ne, kuma ɗakin matarka Yakaka a jikin katangar yake. Kai kaɗai ka ɗauki wannan da muhimmanci. Da an ɗauke ruwa za ka naɗe wando, ka ɗauki shebur da kwanon sarki, ka kwashe, ka ɗora a ka, ka kai kududdufi, ka dawo. Ba ka tsayawa a ƙofarka. Sai ka buɗe hanya har bakin masallaci, ka jera duwatsu inda tsofaffi za su taka. Manyan mutane kuma su wuce ka, sun tattare babbar riga, sun toshe hanci, suna cewa, “Sannu da ƙoƙari, Baba.” Sannu kam ka sha ta, ba dai wanda ya taɓa karɓar shebur.

Bana, tun kafin ruwan farko, wuyanka ya ƙi ɗaukar kaya. Ka ce in raka ka Sabon Gari wurin Cyprian, maƙerin nan ɗan ƙabilar Ibo da ke gyaran kekuna yana kuma ƙera baro. Ban taɓa ganin mutum ya zaɓi abu da natsuwa irin ta ranar ba, sai ka ce ragon layya. Ka tura mai wilin ƙarfe, ka ce zai nutse a taɓo. Ka ɗaga babban, ka ce wannan na samari ne, in an cika shi ƙuguna zai biya. Daga nan ka tsaya a kan wani ƙarami mai faffaɗar tayar roba, bakinsa ƙasa-ƙasa, yadda ba sai ka ɗaga shebur sama ba. Ka sa aka zuba masa yashi, ka zagaya rumfar da shi kana dariya.

Cyprian ya ce, “Baba, hannun ya yi maka tsawo. Bari in rage shi, ran Juma'a ka zo ka tura abinka.”

A hanyar dawowa har goro ka saya mini, kai da sai an yi da gaske kake ɓare naka.

Kafin Juma'a labari ya kai kunnen ɗanka na fari, Alhaji Hambali, mai sayar da atamfa a Kantin Kwari. Ba wuyanka ne ya dame shi ba. Abin da ya ce, a gabana, shi ne, “A ce uban Alhaji Hambali yana tura baro a Fagge kamar lebura? Ina zan sa fuskata a kasuwa?” Ya tafi wani kantin Turawa ya sayo injin jan ruwa mai shan fetur, ja wur, da doguwar tiyo. Bai tambaye ka abin da kake kwashewa ba, bai kuma taɓa sunkuyawa ya dubi kwatar ba.

Ranar gwaji aka tara jama'a kamar ana suna. Aka tayar da inji, ya yi ƙara, ya zuƙi ruwa kaɗan, sannan ya haɗiyi tsumma da yashi ya shaƙe, ya bar mu da hayaƙi. Ai ko yaro ya san abin da ke tare ƙofarka ba ruwa ba ne zalla, laka ce da shara, su kuwa ba a zuƙarsu. Alhaji ya sa aka wanke injin tas, aka shigar da shi zaure, aka lulluɓe shi da sabon yadi kamar jeren amarya. Duk baƙon da ya zo sai an ɗaga masa yadin ya gani.

Na same ka na ce, “Ari, tashi mu koma wurin Cyprian.”

Ka ce, “In na turo baro lungun nan, na gaya wa duniya yaron nan bai iya zaɓe ba. Bar shi.”

Yaron nan. Ko sunansa ba ka taɓa kamawa ba, saboda kunyar ɗan fari. Mu Fulani aka sani da wannan kunyar, amma ka ƙwace ta daga hannunmu. Kai kana rufa masa asiri, shi yana rufa wa ƙarfe yadi. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ka koma wa kwanon sarkinka. Da yake wuya ya ƙi, sai ka riƙa rungumarsa a ciki, kana tafe a duƙe, ba ka ganin inda kake takawa. Haka wani tsohon gwangwani ya yanke ka a tafin ƙafa cikin kwata. Ka ɗaure da tsumma ka ci gaba, don hadari ya sake haɗowa. Ƙafa ta kumbura, zazzaɓi ya rufe ka, haƙora suka sarƙe. Kafin a yarda a kai ka asibiti lokaci ya ƙure.

Tun da ka kwanta ba wanda ya taɓa hanyar. Da muka ɗauko makararka, cikin ƙazanta muka lutsa har ƙauri, muna salati muna kau da kai saboda wari. Ranar sadakar uku ina zaune a zaure na ji wani attajiri yana ba Alhaji shawara wai injin ne ya yi ƙarami, a nemo babba. Bai rufe baki ba muka ji rugugi. Katangar ce ta zauna, ta tafi da rabin ɗakin Yakaka. Allah ya yi da sauran kwananta, ta fito alwala.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Ari. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Ya share wa bayinka hanyar masallaci ba don a gode masa ba, ka share masa hanya zuwa Aljanna Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa mata, Falmata da Huseina, da jikokinsa, da Cyprian wanda ya rufe rumfarsa ya zo ya tsaya a bakin lungu yana hawaye. Inna Yakaka, Allah ya ba ki haƙuri da dangana. Alhaji Hambali, kai ma ina yi maka ta'aziyya, domin ka yi rashin uba wanda ya zaɓi ciwonsa a kan kunyarka. Sai dai ka sani, mahaifiyarka tana takaba a ɗakin aro a gidan maƙwabta, wuri guda kuwa da ya rage busasshe a gidan ubanka inji ne a ciki.

Allah ya jiƙansa, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.