Layin da Aka Canza wa Ashiru

A ɗakunan ma'aikata da ke bayan gidan Alhaji Sanusi, nan Nassarawa GRA, aka haifi Ashiru. Mahaifinsa Malam Garba mutumin Jahun ne, tun yana saurayi ya zo ya kama aikin ban ruwan fulawa da aske ciyawa a gidan, bai kuma taɓa canza ubangida ba. Shekara ɗaya ce tsakanin Ashiru da Hanif, autan Alhaji. Tare suka taso, amma ba su taɓa shiri ba. Hanif ba ya son a fi shi, Ashiru kuma ba ya iya ɓoye cewa ya fi.

Da suka gama sakandare aka tura Hanif waje karatu. Ashiru ya yi difloma a nan Kano, sauran iliminsa kuma a wani shagon kwamfuta na Giginyu ya tsince shi, yana gyara wa mutane takardu yana koyon rubuta manhaja a tsakani. Da Hanif ya dawo, Alhaji ya gyara masa ɓangaren baƙi ya zama ofis. Sana'ar ita ce bibiyar kayan 'yan kasuwa masu saro daga Sin: duba farashi, cike fom, lura da inda kaya suka kwana. Alhaji da kansa ya ce a ɗauki Ashiru. Ranar farko Hanif ya ce masa, "A nan ba Hanif ba ne, Oga ne." Ashiru ya ce to. Daga ranar bai ƙara kiransa da kowane suna ba, sai dai ya fara magana kawai.

Aikin Ashiru shi ne rubuta sikirif, wato jerin umarnin da ke sa kwamfuta ta buɗe burauza, manhajar shiga intanet, da kanta, ta shiga shafin dillali da sunan mai kaya, ta kwaso abin da ake nema. Shafukan nan cike suke da tallace-tallace, ga rubutun Sinanci, don haka sai da ya haɗa da ekstenshan, ɗan ƙarin manhajar da ake maƙala wa burauza. Biyu kacal ya yarda da su. Ɗaya shi ya rubuta, tana rufe tallan da ke tare shafi. Ɗayar mai fassara ce, sai da ya bi izinin da take nema ɗaya bayan ɗaya kafin ya amince. Ya ajiye su a jaka guda cikin kwamfuta, ya tsara sikirif ɗin ya riƙa buɗe burauza sabuwa fil kowane lokaci, babu tarihi, babu komai, ya ɗauko waɗannan biyun kaɗai.

Hakan na sa aikin ɗan jinkiri, jinkirin kuwa ya tsaya wa Hanif a rai.

"Tawa burauzar a buɗe take, komai na ciki. Me ya sa ba za ka sa ya yi amfani da ita ba?"

"Taka tana da ekstenshan goma sha bakwai. Ka san abin da kowacce ke karantawa?"

"Ni za ka koya wa kwamfuta? A ina ka yi karatun?"

"A Giginyu."

Hanif ya yi tsaki ya fita. Irin wannan kusan kullum ne. A gaban baƙi yana kiransa "yaron gidanmu", alhali Hanif ɗin ne ƙarami. Ashiru ma ba kanwar lasa ba ne: idan Hanif ya yi kuskure a gaban abokin ciniki, ba ya jira mutum ya tafi kafin ya gyara masa.

Cikin damina Gwaggo, yayar Malam Garba, ta rasu a Jahun, suka tafi suka yi kwana huɗu. Da Ashiru ya dawo ya ga aiki na tafiya, har ya fi da sauri. Hankalinsa na kan ta'aziyya, bai bincika ba. Wannan sakacin har yau yana cinsa.

Bayan mako guda Hajiya Uwani, mai sarin kayan kicin, ta shigo ofis ko sallama babu. Dillalinta na Sin ya kira ta yana tambaya ko ita ce ta canza adireshin karɓar kaya da lambar waya. Ba ita ba ce. Wani ne ya shiga da sunanta, saura kaɗan kwantena guda ta bi wata hanya.

Hanif bai ko duba kwamfuta ba. Ya nuna Ashiru ya ce, "Hajiya, ga wanda ya rubuta abin da ya maƙala a burauza. Shi kaɗai ya san abin da ya zuba a ciki."

Bayan la'asar Alhaji ya tara su a falo. Aka kira Malam Garba daga cikin fulawa, ya cire takalmi ya tsuguna a bakin ƙofa, ƙasa a hannunsa. Ganin haka ne ya fi ɓata wa Ashiru rai. Ya buɗe kwamfuta a kan tebur.

"Alhaji, duk canjin da aka yi wa aikin nan yana barin sawu, da rana da sunan wanda ya yi. Ga layin da na rubuta, mai buɗe burauza sabuwa. Ga wanda aka musanya shi da shi, mai buɗe burauzar ɗanka. A cikinta akwai wata ekstenshan ta sauke bidiyo kyauta, wadda aka ba izinin karanta duk abin da aka rubuta a kowane shafi. Ita ta kwashe kalmar sirrin Hajiya. An yi canjin ran Talata. Ran Talata ina Jahun muna karɓar gaisuwa."

Alhaji bai san burauza ba, amma ya san Talata, domin shi ya ba da motar da ta kai su. Ya dubi ɗansa. Hanif ya ce, "Da ya yi aikin da sauri tun farko, wa zai taɓa masa?"

Sai Alhaji ya ce, "To, a bar maganar a nan. Ashiru, gobe ka je ka ba Hajiya haƙuri, ka ce kuskuren na'ura ne daga wajenka. Sunan gida ake karewa."

"Ranka ya daɗe, ba zan ce nawa ba ne."

Malam Garba ya ɗago. "Ashiru, ka ce to."

"Baba, ka gafarce ni. Wannan kam a'a."

Hanif ya yi dariya ya ce, "Ka ga abin da ake samu idan an ɗauko mutum daga bayan gida."

Ashiru ya fice daga falon. Ya koma ofis, ya mayar da layin yadda yake, ya canza kalmar sirrin duk abokan ciniki, ya rubuta wa kowa saƙo cewa ya sake sabuwa da hannunsa. Bai ambaci sunan kowa ba, bai kuma ɗauki laifin ba. Ya ajiye makulli a kan tebur ya fita.

Yanzu yana Kawaji, a wani ɗan shago kusa da masu walda, shi da kwamfuta biyu. Hajiya Uwani ta bi sawunsa bayan wata biyu, ta kawo masa wasu mata uku 'yan kasuwa. Hanif ya yaɗa cewa Ashiru ya sace masa mutane, har yau akwai gidaje a GRA da suka yarda da hakan. Ya kuma hana maigadi barinsa ya shiga ta babbar ƙofa.

Malam Garba ya ƙi barin gidan, duk da Ashiru ya kama masa ɗaki. Ya yi wata uku ba ya yi wa ɗansa magana sai amsa gaisuwa. Yanzu sun shirya, amma ba sa tada zancen. Duk Juma'a Ashiru na zuwa ta ƙaramar ƙofar baya, ya kawo masa goro da maganin ciwon gwiwa, su zauna a kan benci har a kira magariba.