Zazzaɓin Kwamfutar Ƙanin Mijina

Wani ɗan siririn kuka ne ya fara komai, irin na sauro idan ya raɓi kunne, sai dai wannan ba ya tsayawa. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa a faifai na ji shi yana fitowa daga ƙaramin ɗakin da ke kusa da zaure. Shekaru sun wuce, amma wallahi wannan rana ba ta cikin ranakun da zan manta.

Ƙanin maigidana sana'arsa ɗaukar bidiyo ce, suna da walima da saukar karatu. A gidanmu na Gaya ya ajiye kwamfutarsa, irin babbar nan mai akwati, don mu ne muke da sola. A wannan bazarar ya ɗauki saukar wata Islamiyya a Toranke. Tsohon malamin da ya kafa makarantar shi ya rufe taron da addu'a, bayan 'yan kwanaki kuma Allah ya karɓi abinsa. Iyalinsa ba su da muryarsa a ko'ina sai a wannan bidiyon. Suka roƙa a kawo musu ranar sadakar bakwai, kafin 'ya'yansa na nesa su watse.

Kwamfutar tsohuwa ce, ga nawa. Shi ya sa ya kwana biyu yana abin da ya kira ƙara mata gudu. Ni dai yadda na fahimta, kamar direban motar Ajingi ne da ya matsa wa tsohuwar mota ta yi gudun da ba a yi ta da shi ba. Sai ya ɗaga wata lamba kaɗan, ya gwada, in ta ɗauka ya rubuta a tsohon littafin lissafin 'yata, in ta suma ya sauko. Ya cire murfin gefen akwatin, ya kafa mata 'yar fanka tana hura mata iska a ciki.

Ana gobe sadakar, da hantsi, ya leƙo ya ce, "Matar yaya, zo na ba ki aikin ofis."

Na ce, "Ƙaramin maigida, ni da ko albashin tuwon da kake ci ba ka biya ba?"

Ya yi dariya, ya nuna min allon. "Kin ga wannan lambar? Zafin furosesa ne, wato ƙwaƙwalwarta. Saba'in da takwas take zama, lafiya lau ke nan. In ta haura casa'in ki kira ni. Awa huɗu za ta yi tana haɗa bidiyon. Kallo kawai za ki yi." Ya hau babur ya nufi Toranke, wai zai taya su kafa rumfa. Maigidan kuwa tun asuba yana ƙauyen Balan wajen sharar gona.

Bayan fitarsa na shiga share ɗakin. A nan na ga abin da zuciyata ta kasa ɗauka. Ga kaya mai tsada, cikinsa a buɗe, wayoyi duk a waje, ga kaji suna shige da fice, ga autana ya fara rarrafe. A gidanmu ko rediyo ba a bari haka. Mahaifiyata har keken ɗinkinta tana da rigarsa. Na je na ciro wani mayafi mai kauri da na saƙa da hannuna tun kafin aure, wanda ba na shimfiɗa wa kowa sai babban baƙo, na lulluɓe akwatin tsaf, na cusa gefe da gefe. Fankar ta dinga ɗaga mayafin, sai na juya ta wajen autana da ke barci a tabarma, dama ƙurajen zafi sun dame shi. Na ja taga saboda rana. Na fito ina jin daɗi a raina, na yi wa yaron mutane alheri.

Kusan azahar wannan kukan ya fara. Na ajiye faifai na shiga. Lambar ta koma ja, tana cewa casa'in da shida.

Na yi karatu har na gama sakandare, kuma na sha kai yara asibiti. Na san in ma'aunin zafi ya nuna talatin da tara, malamar asibiti tana canza fuska. To casa'in da shida fa? Na ce innalillahi, na ɗauko waya na kira ƙanin maigidan. Kafin ya ɗauka allon ya rikiɗe ya zama shuɗi, da wasu rubuce-rubucen Turanci, sannan ya yi baƙi ƙirin. Aikin da ya kusa ƙarewa ya tafi.

"Ta suma," na ce masa. "Ta yi shuɗi ta suma."

Ya ce, "Kwana biyu ina gwada ta ba ta wuce tamanin ba. Wani ya taɓa wani abu?"

Na ce babu wanda ya taɓa. Allah ne shaidata, ba ƙarya na yi niyya ba. A tunanina taɓawa ita ce danna madanni. Lulluɓi kuwa ai ba taɓawa ba ne, kulawa ce. Ko a raina bai zo ba.

Ya ce to laifinsa ne, ya matsa wa ram da yawa. Na ce wace ce ram kuma? Ya ce, "Faifanta ne, inda take baza aikin da ke hannunta. In an sa ta saurin da ya fi ƙarfinta sai ta zubar." Dawowarsa za ta ci lokaci, ga babur ɗin wani ya ara ya tafi Ajingi ɗauko kujeru. Wuta kuwa kwana uku ba mu gan ta ba, batirin solarmu da rana ta faɗi ba ya riƙe awa guda. Ya ce, "Matar yaya, ke za ki gyara."

Haka na zauna a kujerarsa, waya a maƙale a kafaɗa. Ya ce na kunna na yi ta danna wani madanni ba ƙaƙƙautawa. Sau uku ina makara. A na huɗu wani shafi ya buɗe da ban taɓa gani ba, layi-layi na lambobi, ba hoto ko ɗaya. Yana cewa sauka ƙasa, ina saukawa, sai muryarsa ta ɗauke, ta dawo yana cewa "a'a, ba nan ba!" Ban san wane nan ɗin ba. Ina jin hayaniyar masu kafa rumfa a bayansa, wani yana ta kiran a miƙo igiya. Na karanta masa kalmomin yadda na gan su, ya ce, "Wannan Turancin naki a wace makaranta aka sayar miki?" Na ce, "A wadda ta koya maka barin aiki a hannun mai tsince shinkafa." Da ƙyar muka sauke gudun ram daga dubu uku da ɗari biyu zuwa dubu biyu da ɗari huɗu, muka sauke na furosesa shi ma. Na sake tayar da aikin kamar yadda ya kwatanta.

Allon ya ce saura awa shida da rabi.

Na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa. Har bayan isha ke nan, batirin kuwa ba zai kai ba. Kuma abin da ya fi ɗaure mana kai, lambar zafin ta ci gaba da hawa. Tamanin da biyar. Tamanin da tara. Ya ce, "Wannan ba zai yiwu ba. Na sauke komai. Me take ci da zai sa ta zafi?" Na ji muryarsa ta canza, babu sauran wasa a ciki. Ya ce yanzu ya fito daga wajen matar malam, ta riƙe hannun rigarsa tana tambaya ko da gaske za ta sake jin muryar.

Na yi sallar azahar, amma ban san me na karanta ba, Allah ya yafe min. Da na sallame sai na ce a raina, tunda masu ilimin abin sun rasa, bari na yi wanda na sani. Zazzaɓi dai zazzaɓi ne. Na tsoma tsumma a ruwan randa na matse, na zo zan ɗora mata kamar yadda nake yi wa yara. Har yau in na tuna ruwan da ke ɗiga daga tsumman nan, da wayoyin da ke ciki, sai tsigar jikina ta tashi.

Na ɗaga gefen mayafin don na sami wajen ɗorawa. Wata iska mai zafi ta bugi fuskata, kamar na buɗe tukunyar dambu. Na ja da baya, mayafin ya zame a hannuna ya faɗi. Ina tsaye da jiƙaƙƙen tsumma, na ga lambar ta koma tamanin da bakwai. Sai tamanin da huɗu. Kukan nan ya fara sassautawa. Na dubi mayafin a ƙasa, na dubi fankar da ke kaɗa wa autana, na dubi tagar da na rufe. Sai na zauna a ƙasa.

Kiran da na yi masa a lokacin ya fi min komai nauyi. Na faɗa masa duka, har tsumman. Ya ce, "Mayafi? Wane irin mayafi?" Na ce mai kauri, na saƙa. Na ji ya ja dogon numfashi, sannan wata dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke kusa da kuka. "Matar yaya, kin yi mata lefe ke nan. Jefar da tsumman nan waje tukuna." Ya ce ashe lambobinsa ba su da laifi, kuma in ana so a gama kafin batir ya mutu sai an mayar da su yadda suke, a sake farawa daga farko. Ƙarfe biyu ta wuce. Cajin wayarsa kuma ya kusa ƙarewa. Ya ce, "Shafi na ƙarshe a littafin, waɗanda na ja wa layi biyu." Daga nan layin ya mutu.

Ni kaɗai na koma cikin shafin lambobin nan. Na yi bismilla a kan kowace lamba kafin na canza ta, ina duba littafi ina duba allo. Ban san ma'anar ko ɗaya ba, har yau ma ban sani ba. Na danna madannin ajiyewa, allon ya yi baƙi, ya daɗe a haka har na fara istigfari, sannan ya haska. Saura awa huɗu.

Na buɗe taga, na mayar da fanka bakin aikinta, na goya autana. 'Yata mai shekara shida ta dawo daga makaranta, na zaunar da ita gaban allo na ce ta dinga karanta min lambar da ƙarfi, ni kuma na ɗauki mafici ina yi wa akwatin fifita. Da la'asar zafin garin ya kai maƙura, ta ce "tamanin da uku, Umma," na ƙara ƙarfin hannu. Shinkafar nan ba a dafa ta ba ranar, garin kwaki yara suka sha. Maigidan ya dawo daga gona ya same ni ina yi wa kwamfuta fifita, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ni shekara nawa ban samu wannan ba?" Na ci gaba da fifitar.

Rana ta yi ja, na'urar sola ta fara ƙaran gargaɗi. Muka kashe komai na gidan. Ana kiran magariba allon ya rubuta ya gama. Ban yi minti goma da kashe ta ba wutar ta ɗauke.

Washegari ƙanin maigidan ya zo ya ɗauki bidiyon, ni da yara muka bi shi Toranke. A cikin gida aka kunna wa mata a talabijin. Da malam ya ɗaga hannu ya fara addu'a, matarsa ta ɗaga nata, duk muka ɗaga, muna amsa amin tare da mutanen da ke cikin bidiyon. Babu wadda ta san saura ƙiris mayafina ya hana su wannan, ni kuwa na sani, shi ya sa kukana ya fi na wasu 'yan gidan.

Abin da na koya shi ne, kyakkyawar niyya ba ta isa ba in ban tambayi abin da ake bukata ba. Ni na saba in ina son abu sai na rufe shi, ban taɓa tunanin akwai abin da rufewar ke cutarwa ba. Na kuma koyi in an tambaye ni me ya faru, na faɗi har abin da nake ganin alheri ne na yi.

Amma hali ba ya barin mutum a kwana ɗaya. A motar dawowa, da na ga iska tana shigowa ta taga, hannuna da kansa ya ja gefen hijabina na lulluɓe 'yata har kai. Can sai ta leƙo da fuska duk gumi ta ce, "Umma, ni ma fa na kai casa'in. Ki buɗe ni."