Ba a Magana da Tuwo a Hannu

Jiya da yamma muna cin tuwo, 'yata Nafisa ta baje littafin Turancinta kusa da kwano. An ba su labari su karanta su amsa tambayoyi, wai maganar hannu ta kurame cikakken yare ce kamar Hausa.

"Baba, gaskiya ne? 'Yan ajinmu sun ce nune-nune ne kawai."

Na ce bari mu tambayi mai abin. Yayata Hajara, da ta zo mana daga Likoro, kurma ce tun haihuwa, da hannu muka tashi muna hira. Na juya na fara tambayarta, ga loma a hannuna, miyar kuka na ɗiga.

Ta harare ni, ta buge min hannu, sannan ta ce min da yatsunta: "Haka Inna ta koya maka, magana da tuwo a hannu? Cinye tukuna!"

Nafisa ta yi dariya har ta ƙware. "Baba, na samu amsa. Yaren da ake yi wa mutum faɗan rashin ladabi da shi ai ya cika yare."

Ni dai na haɗiye lomata. Cikinku wa aka taɓa yi wa faɗa shiru, ya ji har ransa?