Garwar da Goggo ba ta taɓa zuwa ba

Jiya a gidanmu na unguwar New Bell ina fassara wa Goggo, ƙanwar babana, littafin Faransanci kan matan Kudu da taɓin hankali ke bin danginsu. Da na zo inda suke ɓoye mara lafiyarsu, su ce ta yi tafiya, sai Goggo ta daina tsince wake.

"Ke, duk sanda aka ce muku na tafi Garwa, kin taɓa ganin tsaraba?"

Na girgiza kai.

"Asibiti nake, 'yata." Ta yi dariya. "Ci gaba, in ji ko ita ma ta dawo."

Yau tare muka karɓo maganinta, ba ɓoye-ɓoye.

Ku a gidanku, wa aka ce ya yi tafiya?